Mota na mutuwa a silo: me za ka fara saya?

Motar da ke gudu lafiya a kan titi amma ta mutu a silo, wato lokacin da inji ke aiki ba a taka totur ba, da zarar ka taka birki a shataletalen Gidan Man Ada a Sakkwato, yawanci ba babban ciwo gare ta ba. Abin da ke cinye kuɗin mai ita shi ne sayen kaya a kan zato. Yau fulogi, gobe famfon mai, jibi a ce birenbos ne, wato kwamfutar mota. Kafin ka sa hannu a aljihu, ga abubuwan da ke gabanka da yadda nake auna su.

Na farko, kuma mafi arha, shi ne wankin bakin injekta, wato ƙofar da iska ke bi ta shiga inji. Inji a silo yana juyawa ne tsakanin 600 zuwa 900 a minti, da ɗan iskar da ke ratsa bakin injekta. A Sakkwato kuwa ƙurar hunturu ba ta raga wa kowa. Takan haɗu da tururin baƙin mai ta zama dauɗa, ta rage hanyar iskar, sai injin ya shaƙe, musamman idan ka kunna esi a zafin Afrilu. Gwangwanin feshi ɗaya da sabuwar matatar iska sukan kashe maganar. Amma feshin iri biyu ne. Na wanke bakin injekta yana da ƙarfi. Idan aka fesa shi a kan iyafulo, wato na'urar da ke auna iskar da ke shiga, yana iya lalata siririyar wayar da ke ciki. Iyafulo nasa feshin daban ne, kuma ba a goga masa tsumma. Wasu motocin, irin su Nissan, bayan wanki sai an sake koya wa kwamfutarsu silo, in ba haka ba ka ji injin na hawa da sauka.

Na biyu shi ne biyan kuɗin sikanin, wato a jona na'ura a motar ta karanto lambobin matsala daga kwamfutarta. Nan ne mutane ke ƙyashi, wai an biya kuɗi ba a ɗaura komai ba. Ni kuwa a nan na fi ganin riba. Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana da soket ɗin OBD-II a ƙarƙashin sitiyari. Lambar P0505 na nuna matsalar sarrafa silo, P0171 na cewa iska ta fi mai yawa, P0300 na nufin wuta na tsallake, P0335 kuma na'urar kiranshaf ce, wadda ke auna juyawar inji. Kana iya sayen ƙaramar na'urar sikanin ELM327 mai haɗuwa da waya ta Bluetooth, ba ta da tsada, kuma ta isa ta hana a yi maka rufa-rufa. Sai dai lamba ba ta ce "sayi kaza" ba. P0171 na iya zama tiyon iska ne zafin rana ya busar ya tsage, abin da ɗan guntun roba zai gyara, amma wani ya sa ka sayi iyafulo. Don haka mai na'urar ya fi na'urar muhimmanci. Idan ya karanta lamba ya goge, ya ce "Alhaji an gama", bai yi komai ba.

Idan ta tabbata sai an canza wani abu, to zaɓi uku ne: sabo na kamfani, ɗan Beljiyam, ko sabo mai arha a kwali mai ƙyalli.

A kayan lantarki, irin su iyafulo, bawul ɗin silo (mai daidaita iskar silo), kwil (mai ba fulogi wuta) da na'urar kiranshaf, ɗan Beljiyam na asali ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba. Na kamfanin Denso da aka ciro daga Corolla ko Camry da ta yi hatsari yakan yi shekaru, shi kuwa na jabun yana iya ba kwamfuta lissafin ƙarya tun ranar farko, mota ta riƙa shan mai kamar raƙumi a bakin rijiya. Sharaɗin dai shi ne lambar da ke jikin tsohon ta yi daidai da ta wanda za ka saya, kuma ku yi magana da mai shago a gaban bakanike cewa in bai yi ba za a mayar. Ka kuma tambaya ko motarka na da bawul ɗin silo ma tukuna. Yawancin motocin da totur ɗinsu na lantarki ne, ba na waya ba, ba su da shi sam.

Fulogi da matatar mai kuwa, kada ka sayi tsoho. Sayi sabo, NGK ko Denso, a wurin wanda ka amince da shi, don jabunsu ya cika kasuwa. In an ba ka fulogin iridiyam a farashin gama-gari, ajiye musu abinsu.

Famfon mai shi ne aka fi yi wa ƙazafi. Famfon da ya gaji yakan fara nuna kansa ne a hawa ko wajen wuce babbar mota, ba a silo kaɗai ba. A sa ma'auni a gwada ƙarfinsa kafin a sauke tanki. Gaskiya ne tun cire tallafin mai a Mayun 2023 da yawa muna yawo da tanki a ja, alhali man ne ke sanyaya famfon, ga kuma man galan na bakin hanya mai datti. Duk da haka gwaji ya fi zato arha.

Motar da ke mutuwa sai ta yi zafi, ta ƙi tashi sai ta huce, ka fara zargin na'urar kiranshaf. Wadda fitilunta ke dusashewa kafin ta mutu, kai ta wurin rewaya ya duba caji.

Akwai gyara ɗaya da zan ce ka ƙi ko da kyauta ne: a ja wayar totur ko a murɗa sukurun silo don injin ya ɗaga. Motar za ta daina mutuwa, amma dauɗar na nan, shan mai ya ƙaru, kuma in otomatik ce za ka ji tana fizga duk sanda ka sa giya.