Gidan abincin Hajiya na bayan Kasuwar Dole: tuwo mai kyau da doka guda ɗaya

Duk baƙon da ya tambaye ni inda zai ci na rana a Damagaram ba tare da ya yi wa aljihunsa illa ba, gidan abincin Hajiyar nan na Sabon Gari nake kwatanta masa, wanda ke cikin lungu in ka baro Kasuwar Dole. Ba allo, ba suna a rubuce, amma 'yan kabu-kabu duk sun san shi. Rumfar kwano ce da benci dogaye, randa biyu a bakin ƙofa, sai tele a rataye can kusurwa. Ni tela ne, shagona ba nisa, kuma can nake ci tun da daɗewa, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba.

Tuwon dawarta shi ne kan gaba. Tuƙi ne na hannun da ya saba, ba gudaji, ba ya kwanta wa mutum a ciki. Miyar kukar kuwa daddawa ta ji, ana ɗiga man shanu a kai in ka ƙara dala goma, wato sefa hamsin. Malmala biyu da miya dala sittin, da nama dala ɗari. Shinkafa da wake da mai da yaji ba laifi, ko da yake wani lokaci waken bai gama nuna ba ake saukewa. Ranar Juma'a take dambun shinkafa da zogale, da ƙuli-ƙuli dakakke da albasa, kuma a ganina ba mai yin irinsa a unguwar. Bisap ɗinta sukari ya yi yawa, na sha gaya mata.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ya wuce tuwo. Bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasar Nijar, ranar 21 ga Fabrairun 2021, garin nan ya daɗe bai koma daidai ba. Kwana biyu bayan zaɓen hukumar zaɓe ta CENI ta ce Bazum Mohamed na PNDS Tarayya ya samu kashi 55 da 'yan kai, Mahaman Usman na RDR Canji kashi 44 da 'yan kai. Usman ya ce shi ya ci. Aka yi tarzoma a Yamai, mutum biyu suka rasa rayukansu, aka kama ɗaruruwa, aka tsare jigon adawa Hama Amadu, aka katse intanet ɗin waya na kwanaki. Kotun tsarin mulki ta tabbatar da sakamakon a watan Maris, aka rantsar da Bazum ranar 2 ga Afrilu. A takarda magana ta ƙare ke nan. A bakin mutane kuwa ba ta ƙare ba, balle a nan, garin da aka haifi Usman.

Na ga fadar samari da suka shekara suna shan shayi a buta guda ta rabe biyu, kowane ɓangare da gawayinsa. Na ga maƙwabci ya ƙi zuwa sunan maƙwabcinsa. Akwai masu shayi da masu gashi da a lokacin kowa ya san wannan na 'yan Canji ne, wancan na 'yan Tarayya, in ka zauna inda ba naka ba sai hira ta mutu. Ni Usman na jefa wa ƙuri'a, ban ɓoye ba, kuma har yau raina bai kwanta da yadda aka tattara wasu sakamakon ba. Wannan rigimar siyasa ce, ana yin ta ko'ina. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda ya biyo ta ƙarƙashi: maganar launin fata. Tun lokacin yaƙin neman zaɓe ake ta yawo da saƙonnin murya a WhatsApp cewa wai Bazum Balarabe ne, ba ɗan ƙasa ba, wai jar fata ba za ta mulke mu ba. Maganar ta tashi daga kan mutum guda ta faɗa kan duk wanda ya yi kama da shi, Larabawa da Buzaye da ke saye da sayarwa a kasuwar nan tun kakanni.

Wata Alhamis, ranar da kasuwa ke cika, wani dattijo Balarabe mai harkar raƙuma daga wajen Tesker yana cin tuwonsa a ƙarshen benci, ya sassauta rawaninsa ya sauke shi ƙasan haɓa. Wani saurayi, bai fi sa'ar ɗana ba, ya ɗaga murya don kowa ya ji, ya ce ai yanzu ƙasar ta zama tasu, sai su ci su ƙoshi kafin a maida su Libiya. Dattijon bai ɗago ba, amma hannunsa ya tsaya a cikin kwano. Hajiya ta ajiye ludayi, ta goge hannu da gefen zane, ta zo ta ɗauke farantin yaron. Ta kwance bakin zanenta ta ƙirgo masa dala ɗarinsa ta ajiye a tebur. Ta ce, "Ɗana, ga kuɗinka. Ka zagi jam'iyya in ka ga dama, ban hana ba. Amma mutumin nan sa'an ubanka ne, kuma ba a zagin asalin kowa a rumfata." Yaron ya ce, "Haba Hajiya, ai wasa nake." Ta ce wasa tsakanin taubasai ake yin sa, kuma kowa na dariya, nan wa ya yi dariya? Sai ta juya ta ce wa dattijon, "Baba, yi haƙuri, ci abincinka," ta ƙara masa miya.

Dokar gidan ke nan, kuma ba ta da ta biyu. Gardama ba a hana ta ba. Ana yin ta da zafi ma, a kan CENI, a kan tsadar masara, a kan man fetur na matatar SORAZ da ake tacewa a ƙofarmu tun 2011 amma talaka bai ga sauƙin da ya sa rai ba, a kan ruwan famfo da Damagaram ke kuka da shi shekara da shekaru. Babarbare da Bafulatani na tsokanar juna yadda suka gada, ba mai ce musu komai. Da zarar baki ya karkata zuwa ga ƙabila ko fata da nufin wulaƙanci, sai ka ji ludayi ya bugi bakin tukunya.

Akwai wani tsohon mushe, wato malamin makaranta, da ke zuwa kusan kullum, shi ke tuna wa matasan abin da ba su riska ba. A 1993 Usman ya hau mulki ne da goyon bayan wannan PNDS ɗin a zagaye na biyu, har ya naɗa Mahamadu Isufu firaminista, kafin su ɓata. Bazum ɗin da ake ce wa baƙo, a jihar Difa aka haife shi, a Tesker ya tashi, nan jihar Damagaram, a makarantar Amadu Kuran Daga ta cikin garin nan ya yi karatun sakandare, kuma Tesker ya wakilta a majalisa. Mushe yakan ce ku ƙi shi don aikinsa in za ku ƙi shi, kuna da hujja da yawa, amma ku bar batun haihuwa. Ni da ban zaɓi mutumin ba, na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. 'Yan siyasar nan gobe suna iya shiryawa su raba muƙamai, kamar yadda suka sha yi, mu kuwa da muka zagi maƙwabci muna nan tare da shi a layin rijiya guda.

Dokar ta ja mata asara, wannan gaskiya ne. Wata ƙungiyar samari da ke cika benci guda kullum ta ɗauke ƙafa tun daga ranar, wasu suka riƙa ce mata 'yar gwamnati, wasu kuma a ɗaya ɓangaren suka riƙa ƙorafin tana barin 'yan adawa su yi ta sukar shugaban wancan lokaci a rumfarta. Ban taɓa jin ta faɗi wanda ta zaɓa ba.

Gidan na da nasa aibu. Tsakar rana kwanon rufin nan na gasa mutum, fanka guda ce, in kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke sai mafici. In famfo ya kwana bai zo ba, ruwan wanke hannu na ƙaranci, sai ka ga mutum biyar sun wanke a roba guda, wannan kuwa ya kamata ta gyara ko da kuɗin tuwo zai ƙaru. Yaran da ke kawo abinci na da nawa in an cika. Naman ƙanana ne. Mata ba su da wurin zama na kansu, mafi yawa sai dai su aiko da kwano. Sannan tun bayan zaɓe takan kashe tele in an fara labaru, don gudun fitina. A nan ban goyi bayanta ba: mutanen da suka iya gardama ba zagi za su iya jin labaru tare, kuma na gaya mata haka.

Duk da haka ina ba da shawarar wurin ga kowa, ɗan gari da baƙo, musamman wanda ya gaji da zama inda ake fara duba fuskarsa ko jam'iyyarsa kafin a amsa masa sallama. In dambun kake so, je kafin a tafi masallacin Juma'a, don ana saukowa ba ka tarar da komai. Ka riƙe canji a hannu, ba ta cika samun na jaka biyar ba.