Bod (allon lantarki) na injin surfani ya samu matsala: a gyara ko a canza?

Ɗan'uwanmu ya kawo tambaya. Injinsa mai kai shida ne, ƙirar Sin, da kwamfutar Dahao. An kawo wuta da ƙarfi, tun daga nan sikirin yana kamawa, zane yana buɗewa, amma firam, wato abin da ke riƙe yadin, ya daina tafiya gaba da baya, sai dama da hagu kawai. Injiniya ɗaya ya ce a sayi sabon bod, na biyu ya ce wannan zai gyaru. Ga kuma ɗinkin Sallah a jibge.

Malam, kafin ka bi maganar ɗaya daga cikinsu, tambaye su: wane bod ɗin? Domin akwatin nan ba bod ɗaya ke ciki ba. Akwai mai rarraba wuta, wanda ke sauke wutar bango zuwa ƙananan layuka irin su bolt 5, 12 da 24. Akwai babban bod mai karanta zane yana ba da umarni. Akwai bod masu sarrafa motoci, waɗanda ake kira direba: direban X mai kai firam dama da hagu, da direban Y mai kai shi gaba da baya, da na babban moto mai motsa allura. Sannan bayan kowane kai akwai ɗan ƙaramin kati mai lura da tsinkewar zare. Alamar da ka bayyana ta fi kama da ɓangaren Y. Babban bod idan ya mutu, ba kasafai yake barinka ka buɗe zane cikin kwanciyar hankali ba. Masu injin Tajima, ƙirar Japan, sun ɗan huta a nan, don injin yakan faɗa da kansa ta lambar matsala: 322 direban X, 323 direban Y.

Gwajin gano inda matsalar take ba ya cin kuɗi. Kashe wuta, ka ba shi mintoci kafasita su sauke abin da suka riƙe. Tura firam da hannu ka ji ko ya cije ko bel ya saki. Duba fiyus, ka zare soket ɗin wayoyin Y ka mayar, don girgizar injin da ƙura kaɗai suna sa su yi sako-sako. A auna wayoyin moton Y da mita tukuna, saboda idan moton ne ya haɗe a ciki, duk direban da aka jona masa zai iya ƙonewa shi ma. In moto lafiya yake, kuma direbobin biyu a rabe suke da lamba iri ɗaya, a sauya musu wuri bayan an ɗauki hoton saitin ƙananan makunnan da ke jikinsu. Matsala ta koma dama da hagu? Direba ne. Ta tsaya inda take? A koma kan waya, sannan a fara zargin babban bod.

To, gyara. A kan bod ɗin wuta da na direba, gyara ne ke gaba nesa ba kusa ba. Abin da wuta mai ƙarfi ke kashewa sananne ne: fiyus, ɗan kariyar da ke bakin shigar wuta, diyod, manyan taransista, da kafasita waɗanda za ka ga kansu ya kumbura. Yawancinsu ana samu a Sabon Gari ta Kano ko Alaba ta Legas, kuma aikin kwanaki ne ba makonni ba. Babban alfanun da mutane ke mantawa shi ne ba a taɓa babban bod ba, saboda haka saitin injinka yana nan yadda ka saba. Inda gyara ke da rauni shi ne hannun mai yi. Babu taswirar bod ɗin a hannun yawancin masu gyara, da ido da mita suke bi. Wani zai cire abin da ya ƙone ya sa sabo ba tare da ya nemo abin da ya ƙona shi ba, a kunna ya sake ƙonewa. Ga jabun taransista a kasuwa, lamba daidai, ƙarfi babu. Don haka ka nemi a ba ka abin da aka cire, kuma kada ka cika kuɗin aiki sai injin ya ɗinka wuyan riga cikakke a gabanka, a gudun da ka saba aiki da shi.

Canji kuwa, wurinsa babban bod. Layukansa hawa-hawa ne a cikin allon, ƙafafun ƙananan kayan da ke kansa kuma ba irin waɗanda ake liƙa wa dalma da ƙarfen liƙin rediyo ba ne. Idan ya tabbata shi ne, ni ba na ɓata lokaci da gyara. Sai dai sabon bod ba a ɗora shi kawai a ci gaba da aiki. Dole lambar da ke jikinsa ta dace da ta tsohon har harafin ƙarshe, manhajar ciki ta dace da ƙirar injin, a kuma sake shigar da yawan kawuna, yawan allurai, faɗin firam da na'urorin ƙari irin na sikwin ko igiya. Wanda bai ɗauki hoton shafukan saiti ba tun injin na da lafiya, nan yake shan wahala, har firam ya riƙa dukan bango. Wasu dillalai ma suna kulle kwamfutar da lambar sirri idan an sayi injin da biya kashi-kashi, to ka warware wannan da su kafin ka yi oda. Ga tsada, ga jiran kaya daga Sin.

Akwai na hannu, wanda aka ciro daga mataccen inji. Mai tsohon Tajima ko Barudan da aka daina yi wa kaya, sau da yawa ba shi da wata mafita. Kai mai Dahao kana da mafita, don haka kar ka sayi na hannu sai an yarda a gwada a injinka kafin biya.

A matsalarka ta yau, ina tare da injiniya na biyu, muddin gwaji ya nuna direban Y ne. Idan aljihu ya yarda, ka yi odar direba guda ka ajiye, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai dai gyararre da sabo duka wuta ɗaya za su sha. Sa sitabilaiza irin ta servo, mai ɗan moto a ciki, wanda ƙarfinsa ya haura na injin, ba irin na firji mai ƙas-ƙas ba. A kafa ƙarfen as (earth, mai kai wutar da ta zurare cikin ƙasa) a ƙasa a haɗa shi da jikin injin. Yaran shago su san cewa ana kashe injin kafin a juya daga wutar gari zuwa janareta, kuma ba a kunnawa sai janareta ya daidaita. In hunturu ya shigo, a riƙa buɗe akwatin ana hure ƙura da busasshiyar iska, a duba fankar ciki tana juyawa.