Gwajin DNA na ƙibar yara a Jidda da Makka: wanne ya cancanci kuɗinku?

Gwaji iri biyu ake yi da sunan binciken ƙibar gado, kuma iyaye da yawa suna ɗauka abu ɗaya ne. Na farko kwali ne da ake saye ba tare da ganin likita ba: a goga auduga a cikin kuncin yaro, bayan 'yan makonni rahoto ya zo ta waya, har da jadawalin abinci. Na biyu likita ne ke rubuta shi, a ɗebi jini mililita 2 zuwa 3 a kwalba mai murfi shunayya.

Na kwalin, gaskiya bai kai kuɗinsa ba ga ƙaramin yaro. Yana duba ƙananan bambance-bambance ne irin na ƙwayar gado ta FTO, wadda aka gano alaƙarta da ƙiba a 2007. Babban mutumin da ya gaji nau'in daga uwa da uba duka, kilo 3 kacal yake fin wanda bai gada ba a matsakaici, kuma binciken farko daga shekara 7 zuwa sama ya ga tasirin. Ga shi yawancin ma'aunin a kan Turawa aka gina shi. Ko rahoton ya ce haɗari ya yi yawa ko ya ce kaɗan ne, shawarar ba ta canzawa: a rage lemon kwali da burost (soyayyar kaza), a hana cin abinci a gaban waya, yaro ya fita wasa idan rana ta yi sanyi. Ɗaukar samfurin ma yana lalacewa idan yaron ya ci ko ya sha cikin minti 30 kafin a goga.

Na likitan kuwa yana da amfani sosai, amma ga yara ƙalilan: wanda ƙiba mai tsanani ta kama kafin shekara 5, yana gama cin kabsa (dafa-dukan shinkafa da nama) yana kukan yunwa, har ya tashi da dare yana buɗe firji. Wannan ba kwaɗayi ba ne, saƙon ƙoshi ne ba ya isa ƙwaƙwalwa, kuma abin takaici irin waɗannan yaran suna shan faɗa a kan abin da ba laifinsu ba. Lahani a ƙwayar gado ta MC4R ya fi yawa, kusan kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari na masu irin wannan ƙibar. Rashin sinadarin leptin mai kai saƙon ƙoshi, da aka fara ganowa a 1997 a wasu yara 'yan uwa daga gidan auren zumunci, allura yake da ita kuma tana aiki. Ga lahani a ƙwayoyin gado na POMC, PCSK1 da LEPR akwai maganin setmelanotide, wanda Amurka ta amince da shi a 2020. Gidajenmu da ake haɗa 'ya'yan wa da ƙani su lura, domin gwajin kafin aure da aka wajabta a Saudiyya tun 2004 sikila da talasimiya (wani ciwon jini na gado) yake nema a ɓangaren gado, bai shafi waɗannan ba.

Kafin a kai ga DNA, asibitin kirki zai auna tsawo da nauyi a kan jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO), ya tambayi magungunan da yaron ke sha, musamman kotizon (maganin kumburi da asma). Yaro mai ƙiba kuma gajere ga shekarunsa, sinadaran jiki irin na tayirod (wata halitta a maƙogwaro) ake fara dubawa. Ku tafi da katin rigakafi mai tsofaffin awo. Ku faɗa wa likita idan an haife shi da yatsan cindo ko yana dundumi, alamun ciwon gado na Bardet-Biedl ke nan. Idan yana jariri jikinsa saɓule ne, ba ya iya kama nono, ciwon Prader-Willi ake zargi, kuma gwajinsa daban ne, gwajin ƙibar gado da likita ya saba rubutawa yana iya tsallake shi.

Inda hidimar ke yawan gazawa shi ne bayan sakamako ya fito. Sau da yawa takardar tana nuna bambancin da ba a tabbatar da ma'anarsa ba, iyaye su karanta su tsorata. Tun kafin ku biya, ku tambaya ko zama da masanin cututtukan gado yana cikin farashin, ko ta'amin (inshorar lafiya) ɗinku yana buƙatar amincewa tukuna, da kuma nawa ne gwada uwa da uba idan sakamakon ya buƙaci haka.