Gwajin mota kafin saye a Jidda: inda masu fahas suka iya da inda suka gaza

Duk wanda zai sayi Camry, Sonata, Accord ko Altima ta hannu a Jidda, ko a Haraj (shafin saye da sayarwa na intanet) ya gan ta ko a wurin dillali, za a ce masa ya kai ta fahas, wato gwajin lafiyar mota, kafin ya biya. Waɗannan wuraren gwaji suna karɓar 'yan ɗaruruwan riyal su ba ka takardar sakamako. Kuɗin bai tafi a banza ba, amma takardar ba ta faɗin duk abin da ke jikin motar, kuma ya kamata 'yan uwanmu su san iyakarta.

A ɓangaren bodi sun ƙware. Suna bin kowace ƙofa da na'urar auna kaurin fenti. Fentin kamfani yakan tsaya tsakanin maikiron 80 zuwa 150. Idan ya haura 300, alama ce an sake fentin wurin, ko an cika shi da ma'ajun (ƙullin cike lotsawa) bayan karo. Sabon fenti a ƙofa ko bamba ba abin tashin hankali ba ne, sai dai a rage farashi. Abin gudu shi ne walda ko alamar miƙa ƙarfe a shasi, domin mai yiwuwa motar ba za ta sake tafiya daidai ba, kuma tana iya riƙa cin taya ta gefe guda. Ka tsaya a wurin lokacin da aka ɗaga ta sama, ka duba ɗigar mai a ƙarƙashin inji da jikin shokozoba da idonka.

Gwajin kwamfuta ma yana da kyau, sai dai wasu suna tsayawa a “babu matsala”. Mai sayarwa na iya goge kurakuran da safe. Ka ce a nuna maka ko na'urorin lura da inji sun kammala zagayensu. Idan da yawa ba su kammala ba, kwanan nan aka goge wani abu ko aka cire batir.

Babban raunin aikin shi ne motar tana isa wurinsu da zafinta. Ƙarar ƙwanƙwasa da shuɗin hayaƙi a salansa sun fi fitowa a tashin farko, inji da sanyi. Wannan yana da muhimmanci ga Sonata ta 2011 zuwa 2014, wadda injinta Theta II ya yi suna wajen lalacewar beyarin, da Camry ta 2007 zuwa 2009 mai inji 2.4, mai shan baƙin mai. Sai ka nemi ganin motar da sassafe a inda ta kwana, ka taɓa bonet kafin a tayar. Altima kuwa giyarta CVT ce (wani nau'in giyar otomatik), ba ta son zafi, kuma zagayen minti biyar a bayan gareji ba zai tona ta ba. Tana buƙatar tafiyar kamar minti 20 a babban titi, esi a kunne, kana sauraron kuka ko fizga.

Sai batun ruwa, wanda ba kowane wuri ke dubawa ba sai ka nema. Ambaliyar Nuwamba 2022 ta nutsar da motoci a Jidda, kamar yadda aka gani a 2009 da 2011. Ɗaga kafet, ja bel ɗin kujera har ƙarshensa ka nemi tabon laka, leƙa ramin safaya, duba tsatsa a ƙarafan ƙarƙashin kujera. Ƙamshin turare mai yawa a cikin mota shi ma abin tambaya ne. Motar da ta sha ruwa takan yi lafiya wata da watanni, sannan wayoyinta su fara ruɓewa ɗaya bayan ɗaya.

Kilomita ba a yarda da ita daga allon mota kawai, musamman irin waɗannan da ake aikin tasi, Uber da Careem da su. Ciro rahoton Mojaz, mai nuna tarihin mota, da lambar shasi, ka kwatanta da lalacewar sitiyari da feda. Lambobi huɗu na ƙarshe a jikin taya mako da shekara ne: 2321 na nufin mako na 23 a 2021, kuma tayar da ta kai shekara biyar a zafin Saudiyya ka sa kuɗin sabuwa a cinikin.

Masu fahas ba ruwansu da takardu. Kai za ka tabbatar istimara (takardar rajistar mota) da fahas na shekara na hukuma ba su ƙare ba, lambar shasi ta yi daidai da ta takarda, sannan a mayar da motar sunanka ta Absher (manhajar hidimomin gwamnatin Saudiyya) a ranar da ka biya.