Saƙo daga Manchester: kiɗan da ya rubuta kuɗin aikinsa a bayan kwali

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. A tsakiyar Manchester akwai titin da ake kira Oldham Street, inda har yau ake sayar da faya-fayan garmaho, sababbi da na hannu. Wanda ya yi sa'a ya ci karo da ƙananan faya-fayan punk, wani salon kiɗan rock mai sauri da zafi, na 1977 da 1978, ya juya bayan kwalin, zai ga abin da babu irinsa a sana'ar waƙa ta wajenmu: makaɗan sun rubuta lissafin aikinsu kowa ya gani. Ƙungiyar makaɗa ta Scritti Politti sun jera a kwalin faifansu na farko, na 1978, nawa suka biya situdiyo, nawa suka ba kamfanin da ya buga musu, har da sunayen wuraren. Desperate Bicycles sun bayyana cewa fam 153 suka kashe suka fitar da kwafi 500 a 1977, sannan suka tambayi mai saye me ya hana shi yin nasa. Buzzcocks, 'yan wannan yankin, sun ranto wajen fam 500 a hannun dangi da abokai, suka buga faifansu Spiral Scratch kwafi 1,000 a Janairun 1977 da sunan kamfanin kansu, New Hormones, suka rubuta a baya sau nawa aka ɗauki kowace waƙa. Ƙarshe sai da ya sayar da kusan 16,000.

Wannan buɗe sirrin sana'a shi ne punk a ganina. Gashin da aka tayar da fil ɗin da aka soka a riga duk ado ne da ya biyo baya. Mu kuwa yaro zai shekara yana share situdiyo, yana sayo wa oga abinci, ba a nuna masa yadda ake daidaita murya da kiɗa ba. Da an zo wurin da aikin yake, sai a aike shi sayen kati. Tsoron kada ya ƙware ya buɗe nasa ya sa kowane sabon mai haɗa sauti sai ya fara daga tushe, da kurakuran da aka yi shekara ashirin da suka wuce.

Asalin abin gajiya ce da tsada. A farkon shekarun 1970 kiɗan rock ya zama na masu hali: waƙa ɗaya ta haura minti goma, kayan kiɗa sai an ɗauko su da manyan motoci. Kafin nan The Stooges da MC5 a jihar Michigan sun nuna ana iya yin sa da zafi ba ƙawa. New York kuma a lokacin ta kusa talaucewa, haya ta yi araha a unguwannin da aka gudu aka bari. A nan Hilly Kristal ya buɗe gidan wasan kiɗa na CBGB a lamba 315 kan titin Bowery a 1973, da sharaɗin kowa ya kaɗa waƙar da ya tsara da kansa. Ramones sun fara hawa dandalin a Agustan 1974. Kundinsu na farko, na 1976, waƙa 14 ne cikin minti 29, an kammala shi da dala 6,400. A Landan, inda rashin aikin yi ya addabi matasa, Sex Pistols sun kafu a 1975. Ranar 4 ga Yunin 1976 suka yi wasa a ƙaramin zauren Free Trade Hall na nan Manchester, gaban mutanen da ba su wuce arba'in ba, amma daga cikinsu aka samu waɗanda suka kafa Joy Division da The Smiths. Ginin ya zama otal yanzu.

Kiɗan ba shi da wuyar farawa. Kayan huɗu ne: jita mai lantarki, jita mai kauri, ganguna, da murya. Mai jita yakan danne tsirkiya ta shida da manuniya, ya danne ta biyar da yatsan zobe gaba biyu daga nan, ya bar sauran a kashe. Siffar hannun ba ta canzawa, sama da ƙasa kawai yake jan ta. Duka kuma zuwa ƙasa kawai ake yi, ba a dawowa sama, irin na Johnny Ramone, mai jitar Ramones, abin da ke gajiyar da wuyan hannu cikin minti biyu idan da kafaɗa mutum yake dukan. Gudun yakan kai bugu 160 zuwa 200 a minti, kuma matsalar sababbi kullum ɗaya ce: mai ganga ya ƙara gudu a amshi, mai waƙa ya rasa wurin numfashi. Wata mujallar hannu mai suna Sideburns ta zana riƙo uku a farkon 1977, ta ce wa mai karatu ya je ya kafa ƙungiya. Duk lokacin da na tuna wannan sai marigayi Ɗan Maraya Jos ya faɗo mini a rai, da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, yana waƙar talakan da ke neman na abinci. Ƙarancin kaya bai taɓa hana mai magana faɗin maganarsa ba.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne hidimar da ta sa yaro mara kowa zai iya farawa har yau. Ana hayar ɗakin gwaji da awa, galibi tsakanin fam 10 da 15, a biya ta waya, a turo lambar buɗe ƙofa. A ciki akwai ganguna, amfilifaya biyu ko uku, lasifika da makirfo, bango a lulluɓe da soso don kada maƙwabta su ji. Jitarka da sandunan gangarka kawai za ka riƙo. Wuta ba ta ɗaukewa, babu ƙarar janareto a bayan murya. Ƙananan wuraren wasa kuma suna biyan lasisi ga PRS for Music, ƙungiyar da ke karɓar wa mawaƙa kuɗin haƙƙin waƙoƙinsu, mawaƙin da ya yi rajista ya tura jerin waƙoƙin da ya rera a daren, kasonsa ya shigo asusunsa ko da kaɗan ne. A ƙofa akwai teburin riguna da faya-fayai, wanda sau da yawa shi ke biyan kuɗin mai. Mawaƙinmu na gida, mai baiwar da ta fi ta da yawa daga cikin waɗannan, dole ya jira biki ko ɗan siyasa, waƙarsa kuma tana yawo a wayoyi ana tura ta a shagon caji ba ko sisinsa.

Ba komai ne mai daɗi ba. Yawancin wuraren nan mashaya ce, ƙasa na danƙo, wanda ba ya sha zai tsaya a takure da kofin ruwa. Ƙarfe sha ɗaya an kashe kaya, kowa ya ɗau rigar sanyi ya nufi motar haya, ba gaisuwa, ba wanda zai tambaye ka mutanen gida. A irin wannan lokacin ne kewar kalangu da guɗa take kama mutum sosai.

Rikiɗewar punk zuwa pop punk ta fara ne tun da wuri, domin Ramones da Buzzcocks duk suna da amshi mai shiga kunne. Descendents na Kalifoniya suka ƙarasa hanyar a 1982 da kundinsu Milo Goes to College: gudun yana nan, amma zancen ya koma na soyayya da damuwar samartaka. A ƙarshen 1986 aka buɗe 924 Gilman Street a Berkeley, zauren da 'yan sa kai ke gudanarwa, babu giya, babu ƙwaya, babu faɗa, babu wariyar fata, yara ma na shiga, kuma ba a karɓar ƙungiyar da ta sa hannu da babban kamfani. Can Green Day suka taso. Da suka koma babban kamfanin Reprise a 1993 sai aka rufe musu ƙofa, kundinsu Dookie ya fito a 1994 ya sayar da fiye da miliyan 10 a Amurka kaɗai. A shekarar kuma The Offspring suka fitar da Smash a Epitaph, kamfani mai zaman kansa, shi ma ya haura miliyan 10 a duniya. Warped Tour, wasan ƙungiyoyi da yawa mai yawo gari-gari, ya fara zagaya Amurka a 1995, Blink-182 suka kai abin gidajen rediyo da talabijin a 1999.

A kunne bambancin a fili yake. A baiti mai jita yana ɗora gefen tafinsa kan tsirkiyoyi kusa da gindinsu don sautin ya toshe, a amshi ya saki. Ana ɗaukar jitar sau biyu, ɗaya a ajiye hagu ɗaya dama, a ƙara murya ta biyu a saman ta farko, mai ganga ya bi ƙaramin bugu a kunnensa don kada gudu ya motsa. Aikin kwana biyu ya koma na watanni. Ba na ƙin daɗin waƙoƙin, wasunsu an tsara su da gwaninta. Abin da ke ci mini rai farashi ne. Ƙungiyar punk ta Fugazi sun shekara da shekaru suna riƙe tikitinsu a kusan dala 5. Yanzu babban wasan pop punk, kuɗin hidimar da ake ɗorawa kan tikiti kaɗai ya kan fi haka. CBGB ya rufe a Oktoban 2006 kan rikicin haya, wurin ya zama kantin tufafi masu tsada, rigar Ramones kuma tana rataye a manyan kantuna.

Masu hayar kayan sauti na gida, ga abin da kowane ƙaramin zaure a nan yake yi, kuma ba ya cin ko kwabo. Ana gwaji kafin jama'a su zo, bi da bi: ganguna, jita mai kauri, sauran kayan, murya a ƙarshe, sannan duka tare. Lasifika tana gaban makirfo, ba ta bayansa, domin makirfon da ke fuskantar lasifika shi ke kawo wannan ƙugin da ke tsaga kunnen amarya da baƙinta. Idan jar fitila ta kama a na'urar haɗa sauti, an wuce iyaka ke nan, sai a rage abin da ke shiga. Idan murya ta nutse, kiɗan ake saukarwa, ba muryar ake ƙara wa ƙarfi ba. Amsa-kuwwa kaɗan ake sawa, don mai sauraro ya ji baitin. Waya kuma a naɗe ta a hannu bayan an tashi, a daina fizgo ta daga soket, domin yawancin tsatsatsar da ake ɗora wa lasifika daga karyayyen kan waya take fitowa.