Nystatin ko miconazole: wanne ya dace da mai ciwon suga da ke sa haƙoran roba?

'Yar'uwarmu ta Agege ta yi tambaya kan Baba. Yana da ciwon suga, yana sa haƙoran roba na sama, ganɗarsa ta yi ja a daidai inda robar ke zama, gefen bakinsa kuma ya tsattsage. A kemis an nuna mata magani 2, ruwan nystatin da man miconazole na baki, ta rasa wanda za ta ɗauka.

Allah ya ba Baba lafiya. Abin da kika kwatanta ya yi kama da aikin wata ƙwayar cuta ta fungus mai suna Candida albicans. Tana nan a bakin mutane da yawa ba ta cutar da su, sai suga ya hau, ya yi yawa a miyau, baki ya bushe, ga roba ta rufe ganɗa dare da rana. Sau da yawa ba ya ciwo, shi ya sa tsofaffi kan daɗe da shi ba su faɗa ba.

Miconazole ya fi sauƙin aiki da haƙoran roba, domin mai ne, ana iya shafa shi a cikin robar ya zauna a kan wurin, a kuma shafa a gefen baki. Matsalarsa ita ce wani ɓangare yana shiga jini. Idan Baba na shan maganin suga irin su glibenclamide (wanda aka fi sani da Daonil) ko gliclazide, miconazole na iya ƙara musu ƙarfi, suga ya faɗi, a ga gumi da rawar jiki da jiri. Ga mai shan warfarin, maganin tsinka jini, kuwa haɗarin zubar jini ne, kada ya kusanci miconazole. Ƙwayar fluconazole, da ake sha don irin wannan ciwo, ita ma halinta ke nan. Maganin suga na metformin ba ya cikin wannan rigima.

Nystatin kusan ba ya shiga jini, don haka ba ya faɗa da waɗannan magunguna. Sai dai yana son haƙuri: sau 4 a rana bayan abinci, a cire robar, a riƙe ruwan a baki ya zagaya kafin a haɗiye. Yawancin ruwansa akwai sukari a ciki, a duba kwalin, a kuma riƙa gwada suga.

Ni dai, in Baba na kan Daonil ko warfarin, nystatin zan zaɓa. Amma ki tattara duk magungunansa a leda ki nuna wa likitan haƙori tukuna. Akwai sashen haƙori a asibitocin koyarwa na Legas, wato LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja.

Ko wanne aka ba shi, in robar ba ta sami wanki ba, ciwon zai dawo, domin a jikinta ƙwayar cutar ke maƙale. Ya cire ta kullum kafin barci, a goge da burushi da sabulu, ba ruwan zafi ba, don yana lanƙwasa ta. Wajen jiƙawa ma zaɓi 2 ne. Hypo da aka sirka da ruwa sosai, minti 10, ya dace da roba zalla, amma yana cin ƙarfe idan robar na da maƙalan ƙarfe. Mai ƙarfe sai ruwan kuskure baki na chlorhexidine, a ɗauraye sosai, domin shi da nystatin suna kashe wa juna ƙarfi idan suka haɗu. Robar da ta saki tana motsi a baki kuwa sai likita ya gyara ta ko a yi sabuwa.