Hattara da mai tallar "jinin bishiyar Amazon"

'Yan uwa mata, don Allah ku karanta kafin ku tura wa kowa kuɗi. Akwai wata da ke bin zaurukan mata na WhatsApp tana tallar wani jan ruwa a 'yar kwalba, wai jinin bishiyar dajin Amazon ne, yana goge tabo da ƙuraje, cikin kwana 7 fuska ta yi fes ta yi haske. Ƙanwata ta faɗa tarkonta, naira dubu 18 ta tura, ban da kuɗin ɗan aike.

Abin da ya sa tallar ke cin mutane shi ne bishiyar akwai ta. Masana na kiranta Croton lechleri, tana fitowa a Peru da Ekwado da Kolombiya, can kuma ana kiran ruwanta sangre de grado. In aka tsaga ɓawonta sai ruwa jajawur ya zubo. Mutanen dajin sun daɗe suna ɗiga shi a yanka da cizon ƙwaro, ya bushe ya rufe wurin kamar siririyar fata. Aikinsa a fata ke nan, rufe rauni. Maganar haske kuwa daga bakin matar nan ta fito.

Na asali ba ya ɓuya. In kika ɗiga a bayan hannu kika murza, jan zai gushe ya koma fari-fari mai kumfa. Na ƙanwata mun murza har hannu ya ɗau zafi, jansa na nan daram, sai santsi da ƙamshin turare.

Amma a lokacin bakin alƙalami ya riga ya bushe, don ta yi wata guda tana shafawa. Makon farko har rawa take a gaban madubi, fuskar ta washe. Daga nan kumatu suka yi ja, siraran jijiyoyi suka bayyana, ko tsakar gida ta fita da rana sai ta ce kamar an watsa mata barkono. Da kwalbar ta ƙare ƙuraje suka feso har goshi. Likitar fata tana kallonta ta ce, "Ke, me kike shafawa?" Ta ce irin abin da take gani ne ga masu man bilicin da aka zuba wa sinadarin clobetasol.

Babbar hujjar matar wai Amurka ta amince da shi. A nan ma ta ɗauko gaskiya ta murɗe. A 2012 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da crofelemer, wanda ake tacewa daga ruwan bishiyar, amma ƙwaya ce ta haɗiya don gudawar masu shan maganin HIV. Ina ruwan gudawa da fuska?

Kwalbar ba lambar NAFDAC, ba sunan kamfani, ba ranar lalacewa, sai hoton ganye. Sunan da ke asusun bankin ma na namiji ne. Da muka tura mata hoton fuskar ta ce "dattin ne ke fita, a ƙara kwalba biyu", da na matsa ta toshe mu duka.

Shekaranjiya wata maƙwabciya ta nuno mini sabuwar talla, an canza suna zuwa "ƙaron Burazil", amma hotunan fuskokin su ne dai. Wadda ta riga ta fara shafawa kada ta ɗora wani man a kai, ta je wurin likitan fata da kwalbar a jakarta.